Likita ya ce a yi wa Baba aikin ido, Yaya ya ce bai yarda ba

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina zaune a Zariya. Mahaifinmu yana da shekara 63, tsohon malamin firamare ne. Shekara uku da suka wuce aka gano yana da hawan jinin ido, kuma kafin mu kai shi asibiti idonsa na hagu ya riga ya tafi, ko hasken fitila ba ya gani da shi. Na daman ne ya rage. Tun lokacin yake ɗiga magani, an fara da kwalba ɗaya, yanzu uku ne. Ba zan ɓoye ba, wani watan fansho ba ya fitowa da wuri, sai maganin ya yanke sati ɗaya ko biyu kafin mu haɗa kuɗi. A zuwanmu na ƙarshe awon idon ya kai 29, likita ya ce ganin gefe ya ƙara raguwa, a yi masa aiki kafin sauran ya tafi. Ni na yarda. Amma babban yayanmu ya ce sam, ba za a kai wa ido ɗaya tilo wuƙa ba, domin akwai maƙwabcinmu da aka yi wa aikin, yanzu jagora ake yi masa. Ya ce a ci gaba da ɗigo da addu'a. Mama kuka kawai take yi. Baba kuwa ya ce duk abin da muka yanke shi ke nan. Ina tsoron in matsa a yi aikin a samu matsala, a ce ni na makantar da Baba. Ina kuma tsoron in yi shiru ya makance ina kallo. Ko barci ba na iyawa. Me zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Tsoron da ya hana ki barci da wanda ya sa Yaya ya kafe duk tushensu ɗaya, kowa yana gudun ranar da Baba zai miƙa hannu yana laluben bango. Abin da ya raba ku shi ne kowa da abin da ya ɗauka aikin nan yake yi. Don haka bari mu fara da idon kansa.

A cikin ido akwai wani sashe da ke tsattsafo da ruwa garai-garai dare da rana. Ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba ne, shi ya sa mutum zai iya zama jininsa lafiya lau amma na idonsa ya hau. Ruwan yana ciyar da gaban ido, sannan ya fice ta wasu 'yan ƙananan kafofi da ke zagaye da gefen baƙin ido daga ciki. Ki ɗauka tsakar gida ce famfo yana zuba ba tsayawa, rariya kuma ta fara toshewa. Ruwan zai taru, matsi ya hau, ya riƙa danne jijiyar gani da ke bayan ido, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. A yawancin masu lafiya awon yana tsakanin 10 da 21. Na Baba 29 ne, alhali yana kan magani uku. Ga wanda jijiyarsa ta riga ta jigata kuwa, likitoci ba sa gamsuwa da 21 ɗin ma, sukan so a sauke shi zuwa wajen 12 ko kusa da haka.

Ga maganar da nake so ki riƙe da kyau: abin da ya mutu na jijiyar gani ba ya dawowa, da ɗigo ko da leza (wani haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa) ko da tiyata. Duk maganin wannan ciwo, kowane iri ne, aikinsa ɗaya, sauke matsin ido don a tsare abin da ya rage. A nan mutanenmu suke ruɗewa, domin sun saba da aikin yanar ido, inda ake kwance bandeji washegari tsoho ya ga fuskar jikokinsa ya yi kabbara. Aikin hawan jinin ido ba haka yake ba. In ya yi kyau matuƙar kyau, Baba zai ci gaba da gani kamar yadda yake gani yau, babu ƙari. A makonnin farko ma ganin kan ɗan dushe kafin ya daidaita. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, dole ya fito yana cewa aikin bai yi ba.

Kada ki raina maganar Yaya game da maƙwabcinku. Abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Sai dai ganin mutum da ɗan jagora bayan aiki ba ya nuna aikin ne ya makantar da shi. Da yawa ba sa yarda da tiyata sai gani ya rage ɗan ƙyas, sai a yi aikin a ƙurarren lokaci, ciwon ya ƙarasa abin da ya faro, laifi ya faɗa kan likita. Wasu kuma an yi aikin lafiya, suka daina komawa asibiti, sabuwar hanyar ruwan ta toshe ba wanda ya sani. Akwai kuma waɗanda aikin ne da gaske ya ba su matsala, wannan ma yana faruwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da wannan ciwo, kuma fiye da 90 cikin 100 daga cikinsu ba su ma san suna da shi ba. Shi ne na biyu wajen makantar da mutane a ƙasar nan, bayan yanar ido. Likitocin ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi ma sun bi diddigin marasa lafiyarsu, suka tarar yawanci sai ciwon ya yi nisa suke zuwa, kuma 'yan ƙalilan ne ke amincewa da tiyata. Makafin da wannan ciwo ya zaunar a unguwanninmu, mafi yawansu wuƙar likita ba ta taɓa kusantar idonsu ba. Su ba a ba da labarinsu a majalisa, sai a ce tsufa ne ko ƙaddara.

Aikin da aka fi yi wa mai irin halin Baba sunansa tirabekulektomi. Wani likita a Ingila, John Cairns, shi ya bayyana shi a 1968, kuma har yau da shi ake auna sauran. Zan faɗa miki yadda ake yin sa, domin abin da ba a sani ba ya fi ban tsoro. Baba zai kwanta idonsa biyu, a kashe masa zafin wurin da allura a gefen ido. Ba a ciro ƙwayar ido a ajiye a faranti kamar yadda ake yaɗawa, tana nan a mazauninta. Likita yana dubawa ta madubin ƙara girma, sai ya ɗaga siririn tantanin da ya lulluɓe farin ido ta sama, inda fatar ido ke rufewa. A jikin farin idon ya yanka 'yar ƙofa mai faɗin milimita uku zuwa huɗu, ya huda ƙaramar kafa a ƙarƙashinta zuwa inda ruwan yake, sannan ya mayar da ƙofar ya ɗinke da zare mai tsananin siranta, ba ƙam-ƙam ba, yadda ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan yana taruwa a wani ɗan bororo ƙarƙashin fatar ido ta sama, jiki ya shanye shi. Ba ya zubowa a kumatu, kuma ba mai ganin wurin sai an ɗaga fatar. Yawanci aikin ba ya wuce awa ɗaya.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne warkewa. Jiki yana ɗaukar sabuwar kafar a matsayin rauni, sai ya yi ta ƙoƙarin rufe ta da tabo, kuma mu baƙar fata jikinmu ya fi saurin yin hakan. Shi ya sa likitoci ke ɗora wani magani, maitomaisin, a wurin na 'yan mintoci lokacin aikin don rage tabon. Shi ya sa kuma makonni shida na farko suke da nauyi daidai da ranar aikin kanta. Za a so ganin Baba washegari, sannan kusan kowane mako. A waɗannan zuwan ne likita zai sassauta zare ɗaya in matsin bai sauka ba, ko ya ɗan danna idon, ko ya yi allurar hana tabo. Akwai ɗigon hana kumburi da zai yi ta sawa wata biyu zuwa uku, ana ragewa sannu a hankali. In kun san ba za ku iya wannan zirga-zirga ba, ku faɗa wa likita tun kafin a sa rana, domin zai iya canza shawara a kan haka.

Haɗarin ma zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Matsin zai iya sauka fiye da kima na wani lokaci. Jini zai iya taruwa a cikin idon. Yanar ido kan yi saurin fitowa bayan aikin, sai dai ita ana cire ta. Ƙwayoyin cuta za su iya shiga ta wurin bororon, ko bayan shekaru ne, don haka duk ranar da idon ya yi ja yana ciwo ko yana kwantsa, ranar za a tafi asibiti, ba kemis ba. Ga wanda ciwonsa ya yi nisa sosai akwai kuma ɗan haɗarin ganin tsakiya ya tafi bayan aikin. Ba kasafai yake faruwa ba, amma mai ido ɗaya yana da haƙƙin a gaya masa. Bayan wasu shekaru kuma kafar za ta iya toshewa, a koma ɗigo ko a sake aiki.

To, a ɗaya ɓangaren me ke akwai? Wannan ce tambayar da Yaya bai yi wa kansa ba. Yana ganin in an ƙi aiki an tsaya a tudun mun tsira ne. Ba haka ba ne. Awon 29, magani uku da ke yankewa, ganin gefe yana raguwa daga wannan gwaji zuwa wancan, wannan hanya ce mai kaiwa inda idon hagu ya kai. Ƙin aikin ma zaɓi ne mai haɗarinsa, illa dai shi ba ya zuwa da jini ko bandeji, a hankali yake ci ba tare da zafi ba. A Birtaniya an gwada hanyoyin biyu kan mutum 453 da suka zo da ciwon ya riga ya yi nisa, aka wallafa sakamakon a 2021. An fara wa rabi da ɗigo, rabi da wannan aiki. Bayan shekara biyu awon waɗanda aka yi wa aiki ya tsaya wajen 12, na masu ɗigo wajen 15, kuma munanan matsaloli ba su yi yawa ba a ɓangarorin biyu. Ki tuna can magani ba ya yanke wa mutum don fansho ya makara. In ra'ayina kike so, bisa abin da kika rubuto, ina tare da likitan Baba.

Duk da haka ba tirabekulektomi kaɗai ake da shi ba, kuma yana da kyau ku tambaya. Akwai leza mai sauƙi da ake kira SLT, ana yin ta a zaune cikin 'yan mintoci, ba yanka ba ɗinki, tana taimaka wa tsofaffin kafofin su ƙara wucewa da ruwa. A Moshi ta ƙasar Tanzaniya an kwatanta ta da wani ɗigo mai suna timolol, bayan shekara ɗaya ta yi nasara a ido 61 cikin 100, ɗigon kuma a 31. Amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru, kuma da wuya ta sauke ido daga 29 zuwa inda Baba yake bukata, ga shi ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Akwai dasa siririn bututu mai ɗan faifai, irin waɗanda ake kira Ahmed da Baerveldt, da mai rahusa da ake yi a Indiya, wanda ke janye ruwan zuwa can bayan ido. An fi ajiye shi ga idon da aikin farko ya toshe ko mai tabo da yawa. Akwai wata leza kuma da ake ɗorawa a kan farin ido don rage ƙarfin sashen da ke samar da ruwan, wato a rage famfon maimakon a buɗe hanya. Ba ta bukatar yawan komawa asibiti kamar tiyata, shi ya sa likitocin Bauchi suka gwada ta a idanun da ke gani, amma wani lokaci sai an maimaita, kuma tana da nata haɗarin. Sababbin ƙananan ayyukan da ake yi ta cikin ido, galibi tare da cire yanar ido, sun fi dacewa da ciwon da bai yi nisa ba. Wanda ya haska cikin idon Baba shi zai faɗi wanne ya dace da shi.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki. Baba ya ce duk abin da kuka yanke shi ke nan. Ƙanwata, mutumin da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane ba zai rasa ra'ayi a kan idonsa ba. Ina jin ya ga 'ya'yansa na neman saɓawa a kansa, ga kuɗin magani da yake ganin ya ɗora muku, sai ya zaɓi ya janye. Ki je ki same shi shi kaɗai, bayan la'asar ko wani lokacin da gida ya yi shiru. Kada ki je da niyyar shawo kansa. Ki tambaye shi, "Baba, me ka fi tsoro? Me kake so ka ci gaba da yi da kanka?" Wataƙila ya ce karatun Alƙur'ani, ko tafiya masallaci ba mai riƙe masa hannu. Ki gaya masa abin da na gaya miki, mai daɗi da marar daɗi. Idon nasa ne, shi zai sa hannu a takardar amincewa. Ranar da hukuncin ya fito daga bakinsa, nauyin nan na "ni na makantar da Baba" ya sauka daga kanki, domin tun asali ba kayanki ba ne.

Shi kuma Yaya, kada ki yi musu da shi a gaban Mama ko ƙanne, kada kuma ki tura masa wannan amsa a waya kamar kin samo hujja a kansa. Babba ne, in kika ƙure shi zai ƙara kafewa ko da ya gane. Ki ce masa, "Yaya, maganarka ta sa ni tunani. Zo mu je tare ka yi wa likitan tambayoyin nan da kanka." Ku shiga ku uku da Baba. Ku tambayi likita nawa ya rage na ganin, ya nuna muku takardar gwajin faɗin gani ta bana da ta bara a jere, domin baƙin da ke ƙaruwa a jikin takardar ya fi duk wani bayani shiga zuciya. Ku tambaye shi awon da yake son kaiwa, me yake hasashe in an tsaya kan ɗigo, wane aiki zai yi da dalilinsa, ko zai sa maganin hana tabo, sau nawa yake yin irinsa, kuma wa za ku kira in wani abu ya taso da dare. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, balle a kan ido ɗaya. In Yaya bai gamsu ba, ku nemi ra'ayi na biyu wurin ƙwararre a wannan ciwo. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta da nisa da ku, ga kuma asibitin ido na ECWA a Kano. Ku tafi da katinsa da takardun gwaji da kwalaben maganin. Amma ku sa wa kanku wa'adi na makonni biyu ko uku, kada neman shawara ya koma hanyar jan ƙafa. Addu'ar da Yaya ya ce a yi kuwa, a yi ta sosai, Baba ya yi istihara. Neman magani da dogaro ga Allah ba su taɓa karo da juna ba.

Mama kuma a ba ta abin yi, zai rage mata kukan. Ita ce za ta fi kowa kusa da shi bayan aikin. A koya mata ɗiga magani: ta wanke hannu, ta ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, ya rufe idon minti ɗaya ko biyu, in magani biyu ne a bar minti biyar tsakani. Ita za ta tabbatar ya kwana da murfin ido, bai murza ba, bai ɗauki abu mai nauyi ba, ba kwalli ba tozali, kuma ya sa tabarau in zai fita cikin ƙura. Ku tambayi likita yaushe ruwa zai iya taɓa idon wajen alwala da wanka, da kuma yaushe zai koma sujada, domin akan hana sunkuyar da kai sosai a makonnin farko. Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi ya yi salla a zaune da nuni, malaminsa zai yi masa bayani. Tunda idon da za a rufe shi kaɗai ne mai gani, sai an samu mai kwana kusa da shi a ranakun farko. Ki gaya masa wannan tun da wuri, kada duhun daren farko ya firgita shi.

Batun kuɗi, ku zauna ku 'ya'yansa ku lissafa abin da kwalabe uku ke ci a shekara, ku ajiye shi gefen kuɗin aikin da na mota da na magungunan bayan aiki. Kowa ya faɗi abin da zai iya, a tara kafin a sa rana. Asibitocin koyarwa suna da ofishin taimakon marasa galihu, ba abin kunya ba ne a shiga a tambaya. Kafin ranar aikin kuma, ko me za a rage a gida, kada ɗigon Baba ya sake yankewa ko na kwana ɗaya. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko yana da ciwon suga ko asma, likita ya sani. Kada kuma a sayo masa wani ɗigo a kemis don ido ya yi ja, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara hawan matsin.

Saura ku. Ciwon nan yana bin jini, kuma 'ya'ya da 'yan'uwan mai shi sun fi kowa haɗarin kamuwa. Ke da Yaya da sauran ƙannenku, har da 'yan'uwan Baba da suke ciki ɗaya, kowa ya je a auna masa matsin ido a kuma duba jijiyar, ba gwajin karanta haruffa a bango kaɗai ba, domin mutum zai iya karanta layin ƙarshe tsaf alhali ciwon yana cinsa ta gefe. Ranar da za ku raka Baba, ku yanki kati ke da Yaya a duba ku a zama ɗaya. Allah ya sa a yi a sa'a, ki gaishe mini da Baba da Mama.